Farin kirim a kan kek: me za a ba wanda jikinsa ba ya karɓar madara?

Duk mai zuwa biki a kudancin Kogin Kaduna ya ga yadda kek ya canja kama a 'yan shekarun nan. A Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Television ko Kakuri, da wuya a yi ɗaurin aure, bikin ranar haihuwa, yaye 'yan firamare, walima ko Kirsimeti ba a girke kek a tsakiyar teburi ba. A da, bota da garin sukari ake murzawa a shafe shi da su, abu mai nauyi da ke gundurar mutum tun a loma ta uku. Yanzu yayin bugaggen kirim ake yi, fari tas, sakayau a baki, wanda masu sana'ar ke kira wifin kirim. Akasarin masu yinsa mata ne da ke gashi a gida suna talla a WhatsApp da Instagram, a yankin da rufe masaƙun Kakuri, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya koya wa gidaje da yawa neman na kai da hannu.

Sai dai in an zo rabo, akan ga wata uwa ta janye hannun ɗanta daga faranti. Ta taɓa gani da idonta: ya lashi farin abin nan, kafin a tashi daga taro leɓensa ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini. Tambayar da take yi wa mai kek ita ce ko akwai wanda babu madara a ciki. Amsar da take samu kusan kullum ita ce, "Kada ki damu, Maman yara, nawa ba na madara ba ne, ga shi ma a rubuce a jikin kwali." Mai kek ba ƙarya take yi ba, abin da ta karanta ta faɗa. A nan ne kuma haɗarin yake.

Kafin a zo kan kwalin, sai an raba mutum biyu da muke haɗawa wuri ɗaya da cewa madara ba ta karɓe su ba. Na farko shi ne wanda cikinsa ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, wato laktos. In ya sha, ciki ya yi ƙugi, ya kumbura, wani lokaci har da gudawa. Da takura, amma ba ya kisa, kuma ba baƙon abu ba ne: kusan kashi biyu cikin uku na baligan duniya haka suke. A 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Norman Kretchmer na Jami'ar Stanford da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun gwada ƙabilun Nijeriya. Sun tarar mafi yawan Fulani makiyaya na narkar da laktos har girma, Yarbawa kusan duka ba sa iyawa, Hausawa kuma suna tsakani, fiye da rabi ba sa iyawa. Irin wannan mutum yakan sha kindirmo lafiya, domin tsamin ya cinye wani kaso na sukarin, kuma cokali biyu na kirim a kan kek ba lallai ya dame shi ba.

Na biyu shi ne mai alaji na gaske. Shi ba ruwansa da sukarin. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin ɗin madara a matsayin maƙiyi, ko kasin wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin, ko na tsararon ruwan da ke fita in madara ta tsinke. Ɗan abin da ya maƙale a bakin wuƙa ya isa ya tayar da bori: ƙaiƙayi, amai, kumburin fuska, in ta yi tsanani maƙogwaro ya toshe, jini ya sauka, mutum ya faɗi. A ƙasashen da aka ƙirga, abin na samun yara ƙanana biyu zuwa uku cikin ɗari, da yawansu kuma suna rabuwa da shi in sun girma. Tsami ba ya kawar da shi, tafasa ba ta kawar da shi, madarar da aka cire wa laktos ma ba ta da wani amfani a gare shi. Kada kuma a ce a koma nonon akuya ko na tunkiya. Furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, har mafi yawan masu alajin ɗaya suna da na ɗayan.

Akwai wani abu da ke rikita iyaye. Yaro ya ci biskit ko tsurar kek mai madara bai ji komai ba, ran da ya lashi kirim ɗin sama sai jiki ya rikice, a shiga zargin sammu ko kambun baka. Dalilin a fili yake. Zafin tanda mai tsawo, tare da fulawa, yana sauya siffar wani ɓangare na furotin ɗin yadda jiki ba ya saurin gane shi. Wani bincike da aka yi a asibitin Mount Sinai na New York a 2008 ya nuna yara 75 cikin 100 masu alajin madara sun iya cin gasasshen abu mai madara. Kirim ɗin sama kuwa bai ga tanda ba. Shi ya sa ado ya fi kek ɗin kansa haɗari. Wannan ba izini ba ne a gwada yaro da gasasshe a gida, domin ɗaya cikin huɗun nan da bai iya ba, nasa kan zo da tsanani.

Yanzu kwalin. Kirim na ainihi, wanda ake yaɗowa daga saman madarar shanu, tsada gare shi kuma ba ya jure zafinmu, don haka kaɗan ne ke amfani da shi a Kaduna. Abin da ya cika shagunan kayan kek shi ne gari ko ruwan kirim da aka haɗa da man itace, akasari man alayyadi da aka daskarar, da sukari da sinadaran da ke riƙe kumfa. Asalinsa Amurka. A 1945, lokacin da yaƙi ya sa aka taƙaita sayar da kirim mai kauri, wani mai kamfanin madara a birnin Buffalo, Robert Rich, ya fito da kirim na waken suya da ake daskarar da shi a ajiye. Masu harkar madara sun yi ta maka shi a kotu jiha bayan jiha, yana yin nasara. A 1966 kamfanin General Foods ya fito da Cool Whip, wanda ya game gidajen Amurka. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙirƙira don mai alaji. Don arha aka yi su, da daɗewa a ajiye, da tsayawa a kan kek ba tare da zubewa ba. Da masu haɗawa suka ga kasin na taimaka wa kumfa ta tsaya, sai da yawansu suka zuba shi, kuma aka ci gaba da buga "non-dairy" a gaban kwali, tunda mai na itace ne. Cool Whip ɗin kansa yana ɗauke da kasin, daga baya ma aka ƙara masa madara da kirim.

Saboda haka rubutun gaban kwali talla ne, gaskiyar tana baya, a jerin kayan haɗi da ake bugawa da ƙananan haruffa. Tunda da Turanci ake rubutawa, ga abin da ido zai nema: milk, casein, caseinate, whey, lactose, butter, cream. Ko ɗaya ya bayyana, mai alaji ya haƙura. Haka garin da ake zubawa a shayi a madadin madara, haka madarar awo ta buhu da aka musanya wa mai da na itace: man ne ya canja, furotin ɗin saniya na nan daram. Dokar NAFDAC ta 2022 kan lakabin abincin da aka ƙunshe ta wajabta bayyana abubuwan da aka san suna tayar da alaji, irin su madara, ƙwai, gyaɗa da waken suya. Amma doka a jikin buhu take tsayawa. Mai shago a Kasuwar Monday ko ta Sabon Tasha yakan sayi babban buhu ya ƙulla a farar leda, rabin kilo ko kwata, saboda abin da aljihun mai saye zai ɗauka ke nan. Ledar ba suna, ba jeri, ba ranar lalacewa. Wadda ta saya ba ta da abin karantawa, balle uwar da ke tambayarta.

Ko inda ake da tsauraran dokoki ana samun kuskure. A Disambar 2017, a garin Bath na Ingila, wata mata 'yar shekara 42 mai alajin madara ta rasu bayan ta ci abincin da aka yi da yogot na kwakwa mai ɗauke da shaidar babu madara. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da ɓurɓushin furotin ɗin madara ya shiga ta wani sitaci da aka sarrafa a masana'antar da ke aiki da madara. Tun Oktoban 2021 dokar Ingila ta tilasta wa masu ƙunshe abinci a shagonsu su rubuta duk abin da ke ciki. Mu nan ba mu kai can ba, dogaronmu bakin mai kek ne.

To da me za a musanya? Sai an san me ke sa kirim ya tashi. Bugu iska yake cusawa, kuma dole a sami abin da zai kama iskar ya hana ta fita. A kirim na shanu, mai ne da ya kai kashi 30 zuwa 36 cikin 100, wanda sanyi ya sa ya ɗan daskare, yake kewaye ƙwayoyin iskar. In aka zarce da bugu sai ya dunƙule ya zama man shanu. Furotin ma na iya wannan aiki ba tare da mai ba. Duk wani madadi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu yake bi, kuma kowanne da inda yake gazawa.

Kwakwa ce ta fi kusa da na ainihi a baki. Ana goge ta, a matse da ruwan ɗumi kaɗan, a tace, a sa a firji ta kwana. Da safe mai kaurin ya taru a sama ya yi tauri, ruwa ya kwanta a ƙasa. A kwashe na saman a kwano mai sanyi, a buga minti biyu ko uku da garin sukari, shi ke nan. Ta gwangwani ma tana yi, in mai kauri ce ba a sirka ta da yawa ba. Alajin kwakwa bai yawaita ba, har hukumar abinci ta Amurka ta cire ta daga jerin 'ya'yan itace masu ɓawo da ake gargaɗi a kansu a farkon 2025. Aibinta ɗaya ne, kuma a Kaduna babba ne: man kwakwa yana narkewa a digiri 24. A watan Maris da Afrilu, da zafin rana ke haura 35, kek mai kirim ɗin kwakwa da aka ɗauko a Keke Napep daga Unguwar Romi ba zai isa zauren biki a Barnawa da kamanninsa ba. Ga wuta da ba ta da tabbas, alhali aikin na son firji ya kwana yana sanyi. Kwakwa ta cikin gida ce: a buga, a zuba a kan yankakken mangwaro ko abarba, a ci nan take. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, takan yi haƙuri ta ɗan jima. Gargaɗi ɗaya da mutane ba sa zato: garin madarar kwakwa na sacet sau da yawa da kasin ake haɗa shi don kada ya dunƙule. Ɗanyar kwakwar da aka fasa a gabanka a kasuwa ta fi shi aminci nesa ba kusa ba.

Farin ƙwai tsohuwar hanya ce da masu kek na da suka sani kafin garin kwali ya shigo. Awo ɗaya na farin ƙwai, awo biyu na sukari, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi ana juyawa har sukarin ya narke, zafin ya kai wajen digiri 71 don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sauke a buga har ya yi tsini yana sheƙi. Ba mai a ciki, don haka ba abin da zai narke, ya fi kwakwa jure rana. Damina ce ba ya so, raɓar iska kan sa ya yi danƙo yana tsatsafo da ruwa. Ga wanda madara kaɗai ke damu, wannan ya wadatar kuma ya fi kowanne arha. Matsalar ita ce ƙwai shi ne na biyu bayan madara a abubuwan da ke tayar wa ƙananan yara alaji, kuma ba abin mamaki ba ne yaro ɗaya ya haɗa biyun.

Ga irin wannan yaro ne ruwan wake ya zama abin murna a Turai da Amurka. A ƙarshen 2014 wani mawaƙi Bafaranshe, Joël Roessel, ya nuna cewa ruwan da ke cikin gwangwanin dafaffen wake yana kumfa in an buga. A 2015 wani injiniyan kwamfuta Ba'amurke, Goose Wohlt, ya gano ruwan da sukari kaɗai sun isa su maye gurbin farin ƙwai, ya raɗa masa suna aquafaba. Duk matar da ke suyar ƙosai a bakin titin Kachia ba za ta ji mamaki ba, domin kullum da asuba haka take bugun ƙullin wake har ya tashi ya yi fari ba tare da ta sa masa yis ba. Furotin ɗin wake ne ke riƙe mata iskar. An fi amfani da ruwan wani wake na Larabawa da Indiyawa da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan chickpea, saboda ba shi da launi sosai. Farin wakenmu ma yana yi in an dafa shi ba gishiri ba kanwa, aka tsiyaye ruwan aka ƙara tafasa shi har ya yi yauƙi, ya huce. Ana ɗiga lemon tsami, a buga da na'ura wajen minti goma, a riƙa zuba sukari kaɗan-kaɗan. A gaskiya, ni ban ɗauke shi kirim ba. Kumfa ce mai daɗi da ke sacewa cikin 'yan awoyi, kuma in ba a sa fanila ko ɓawon lemo ba ƙanshin wake na leƙowa. Mai alajin gyaɗa ko waken suya ya tambayi likita tukuna, tunda dangi ɗaya ne.

Wanda na fi amincewa da shi a yanayinmu ba ya cikin waɗanda ake yayi, kuma da aya ake fara shi. Aya ba 'yar uwar gyaɗa ba ce, saiwa ce da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba ta cikin jerin manyan masu tayar da alaji. A Balensiya ta Sifaniya ma madararta suke sha kamar yadda muke shan kunun aya. Madarar aya ita kaɗai ba ta buguwa, domin manta ruwa ne, ba ya daskarewa. Amma akwai tsohuwar dabarar dafa aisin, wato abin shafa wa kek: kofi ɗaya na tatacciyar madarar aya mai kauri, kofi ɗaya na sukari, babban cokali uku na garin sitacin masara, a dama a wuta kaɗan har ya yi kauri kamar kamu, a rufe ya huce sarai. Sannan a buga kofi ɗaya na daskararren man itace na gashi har ya yi fari, a riƙa zuba dafaffen a hankali ana bugawa. Abin da ke fitowa sakayau ne, zaƙinsa bai kai na aisin ɗin bota ba, yana karɓar launi da zane, kuma yana tsayawa a zauren biki fiye da kwakwa da ruwan wake. Babu madara, babu ƙwai, babu gyaɗa, babu alkama.

Inda ake faɗawa rami shi ne wajen man. Abin da muke kira bota a kasuwa akasari majarin ne na man itace, sai mutum ya ɗauka ya tsira, alhali da yawansu an sa musu garin madara don ɗanɗano. Wanda ake auna wa mutum daga bokiti kuwa ba a ma san sunansa ba. Sai an nemi mai lakabi an karanta, an kuma duba ko da waken suya a ciki in yaron na da wannan matsalar. Ayar ma a tace ta a gida. Kunun aya na gora da ake sayarwa wasu na ƙara masa madara don ya yi kauri da fari.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Waken suya, wanda jihar nan ke nomawa da yawa, yana ba da madarar da za ta maye gurbin aya a wancan haɗin, kuma awara mai laushi in an markaɗa ta da sukari da koko tana yin abin shafawa mai kyau. Sai dai kusan ɗaya cikin goma na yara masu alajin madara waken suya ma bai bar su ba. Yazawa da aka jiƙa aka markaɗa tana yin kirim mai santsi da ya fi kowanne, amma ita da gyaɗa suna cikin masu tayar da alaji mafi tsanani, ba abin sawa a kek ɗin 'yan makaranta ba ne. Riɗi ma haka. Amurka ta sa shi na tara a jerinta na manyan masu tayar da alaji tun farkon 2023. Nunanniyar fiya da garin koko tsantsa da zuma na yin shafi mai launin cakulan, muddin koko ne zalla ba garin shayi mai madara ba.

Ko an dace da haɗi, kicin na iya ɓata komai. Maburgin na'urar da aka buga kirim da shi da safe aka ɗauraye sama-sama, ledar matsa ado da ake wankewa a sake, wuƙar da ta yanka babban kek sannan ta yanka ƙaramin da aka yi wa yaron daban: kowanne ya isa. Na mai alaji shi ake fara yi, da kayan da aka wanke da sabulu da ruwan zafi, a rufe shi a mazubinsa, a ba uwar a hannu. Kada kuma wannan bayani ya sa wata ta ɗauka madarar aya ko ta kwakwa za ta iya zama abincin jariri. Ado ne na kek, ba su da abin gina jiki irin na nono.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, a duba numfashi kafin fata. Ƙuraje da ƙaiƙayi kaɗai, maganin ƙaiƙayi irin Piriton kan kwantar da su. Amma in murya ta dishe, harshe ya kumbura, numfashi na fita da ƙara, ko yaro ya yi laushi, ƙwaya ba za ta yi komai ba, manja da ake ɗura wa yara ma sai dai ya shaƙe shi. Allurar adirenalin a cinya ita ce magani, kuma mintoci ake ƙirgawa. A kudancin Kogin Kaduna akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard a Kakuri. A nufi mafi kusa, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani abin da yaron ya ci.

Ga 'yan uwa masu sana'ar kek: in za ku sayi garin kirim na awo, ku ce mai shago ya nuna muku buhun, ku ɗauki hoton jerin kayan haɗin da waya ku ajiye. In mai oda ta ce ɗanta ba ya shan madara, ku tambaye ta ciki ne ke ƙugi ko jiki ne ke kumbura. In kumburi ne kuma ba ku ga buhun da idonku ba, ku gaya mata ba ku da tabbas, ku yi masa na aya ko na ƙwai, ko ku ba shi kek ɗinsa ba ado.